Yasuhito Endo, Yaron Japan Da Ya Ci Ƙwallo A Bauchi

A watan Afrilun 1999, ana tsakiyar zafin bazara, saura 'yan makonni Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa mulki ga farar hula, Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20. Ƙasashe 24 ne suka zo, aka rarraba su a garuruwa takwas, uku daga ciki a Arewa: Kano da Kaduna da Bauchi. Jiharmu ta Jigawa a lokacin ba ta cika shekara takwas da kafuwa ba, ba ta kuma da filin da za a kawo wa irin wannan wasa. Sai dai Dutse na zaune ne tsakanin biyu daga cikin garuruwan. In ka fito ta Kwanar Huguma ka yi dama, ka bi ta Wudil, sai Kano. In ka yi hagu, ka ratsa Birnin Kudu da Ningi, sai Bauchi. A waɗannan garuruwa biyu aka ajiye rukunin da ya ƙunshi Kamaru da Ingila da Amurka da Japan.

Ba wanda ya sa Japan a lissafi, kuma ba a yi wa mutane laifi ba. A farkon 1995 Super Eagles ta lallasa babbar tawagarsu da ci 3-0 a Riyad, a 1996 kuma su Kanu Nwankwo suka doke su 2-0 a wasannin Olamfik, kan hanyarsu ta ɗauko zinare. Abu ɗaya kawai ya sa ake waiwayarsu: kocinsu sananne ne a wajenmu. Philippe Troussier ne, Bafaranshen da ya samo wa Super Eagles tikitin gasar duniya ta 1998 sannan aka rabu da shi, ya tafi Barkina Faso ya kai su wasan kusa da na ƙarshe a kofin Afirka. Mutumin ya san Afirka ta Yamma ciki da bai. Kafin gasar sai da ya kwashi yaran ya kai su Barkina Faso, su sha zafi, su ci abincin da ba su saba da shi ba, su taka filin da ba lallausar ciyawa. 

Ranar 5 ga Afrilu, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, Naohiro Takahara ya fara ci wa Japan. Kamaru ta farke, ta kuma ƙara ana daf da tashi. Daga nan yaran suka koma Bauchi, a can ne abin ya juya. Suka doke Amurka 3-1, suka doke Ingila 2-0, Ingila mai su Ashley Cole, wadda ta koma gida ba maki ko ɗaya, ba ƙwallo ko ɗaya a raga. A zagaye na biyu suka haɗu da Fotugal, nan dai a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasa ne mai abin mamaki. Golan Fotugal ya ji rauni bayan sun gama canji, dole ɗan wasan fili ya sa safar hannu ya tsaya a raga, amma duk da haka, da mutum goma, suka farke ƙwallon da ake bin su. Sai a bugun fenareti Japan ta tsira da 5-4. Wanda ya ci wa Japan ƙwallo ɗaya tilo a wannan wasa, jim kaɗan bayan an dawo hutun rabin lokaci, wani ɗan tsakiya ne mai shekara 19, marar hayaniya, wanda da ma ba shi aka yi niyyar sawa ba. Gurbin na Junichi Inamoto ne, rauni ya hana shi sakewa, aka ce Yasuhito Endo ya riƙe.

Sauran labarin gasar gajere ne. Mali ta cire Najeriya da ci 3-1. Japan ta cire Meziko a Badun, ta cire Yurugwai a Legas, ta zama tawagar maza ta farko daga ƙasar da ta kai wasan ƙarshe a wata gasa ta FIFA. Ranar 24 ga Afrilu, ba tare da kyaftin ɗinsu Shinji Ono ba saboda katunan gargaɗi, suka sha kashi 4-0 a hannun Sifaniya, wadda wani yaro mai suna Xavi ke juya mata tsakiya.

An haifi Endo ranar 28 ga Janairu 1980 a Sakurajima, can kudancin Japan, a gindin wani dutse mai aman wuta da har yau bai daina zubar da toka ba, inda yara kan tafi makaranta da hular kwano a ka. Shi ne auta cikin maza uku, kuma duka 'yan ƙwallo ne. Yayansa Akihiro yana cikin tawagar nan da su Kanu suka doke a 1996. Da ya gama sakandaren Kagoshima Jitsugyo a 1998, sai ƙungiyar Yokohama Flügels ta ɗauke shi. Kocinta a lokacin Carles Rexach ne, tsohon ɗan wasan Barcelona, mutumin da bayan shekara biyu ya rubuta wa Lionel Messi alƙawarin farko a kan takardar goge baki. Idon da ya ga Messi shi ya ga Endo. Ya sa shi a wasan farko na kaka, yaro mai shekara 18, a karawarsu da maƙwabtansu Yokohama Marinos, ƙungiyar yayansa.

Kakar ba ta ƙare ba ƙungiyar ta mutu. A watan Oktoban 1998 aka wayi gari da labarin cewa ɗaya daga cikin kamfanoni biyu da ke ɗaukar nauyinta ya janye saboda karayar tattalin arziki, ɗayan kuma ya amince a narka ta cikin Marinos. Ba a shawarci 'yan wasa ba, ba a shawarci magoya baya ba. Magoya bayan suka tara sa hannun jama'a, suka yi ta roƙo, aka yi kunnen uwar shegu da su. Abin da 'yan wasan suka yi shi ne abin da har yau ake ba da labarinsa a Japan: daga ranar da aka yi sanarwar ba su sake rashin nasara ba. A gasar Kofin Sarki, kowane wasa suka shiga sun san in an cire su ƙungiyar ta tafi ke nan har abada. Haka suka yi ta ɗaga ranar mutuwarta har zuwa 1 ga Janairu 1999, suka doke Shimizu S-Pulse 2-1 a wasan ƙarshe, suka ɗaga kofi, aka rufe ƙungiya. Wata uku bayan wannan ne Endo ya sauka a Kano. Ya koma Kyoto Purple Sanga, ita ma ta faɗa rukuni na biyu a 2000. Kafin ya cika shekara 21, ƙungiyarsa ta farko ta rushe, ta biyu ta faɗi.

Su kuwa abokan tafiyarsa Najeriya, tauraronsu ya haska nan da nan. Ono ya tafi Feyenoord ya ci kofin UEFA a 2002. Inamoto ya tafi Arsenal. Takahara ya je Boca Juniors, daga baya Hamburg. Da aka zo Olamfik ta Sidni a 2000, sunan Endo na cikin 'yan jiran ko-ta-kwana ne kawai. Da Japan ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 2002 tare da Koriya ta Kudu, Troussier ɗin da ya sa shi a Bauchi bai kira shi ba. Yana kallo Inamoto ya ci Beljiyam, ya ci Rasha, ƙasa duka tana kiran sunansa.

Dalilin da ake tsallake shi ba ɓoyayye ba ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ranar tantance 'yan wasa a Dutse ko Kiyawa ya san shi. Ido ya fi saurin kama mai gudu da mai ƙirji da mai yanka. Endo ba shi da ko ɗaya. Tafiyarsa a fili kamar ba ya sauri, fasin ɗinsa yawanci gajeru ne, taɓawa ɗaya ko biyu ya rabu da ƙwallo. Sai wanda ya daina bin ƙwallo da ido ya tsaya yana kallon mutumin ne zai gane abin da yake yi. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga hagu da dama, ya san inda kowa yake. Zai ba ka, ya matsa taku biyar ya karɓa, ya ba wani, ya sake matsawa, har abokan hamayya su gaji da bi su buɗe ƙofa, sannan ya zura doguwar da ake jira. Aikinsa irin na mai ban ruwa a lambu ne: ya buɗe wa wannan fangali, ya toshe wancan, ba hayaniya, amma ko'ina ya jiƙa. Ko bugun fenaretinsa haka yake. Yakan tako a hankali, idonsa kan gola ba kan ƙwallo ba, sai gola ya karkata gefe ɗaya, shi kuma ya gangara ta ɗaya gefen cikin ruwan sanyi.

A 2001 ya koma Gamba Osaka. A watan Nuwamban 2002 Zico na Brazil, sabon kocin Japan, ya ba shi wasansa na farko a babbar tawaga, da Ajantina. Ya ci kofin Asiya a 2004. A 2005 Gamba ta ci gasar Japan karon farko a tarihinta, a ranar ƙarshe ta kaka, ƙarƙashin Akira Nishino. Ya tafi gasar duniya ta 2006 a Jamus yana ganin lokacinsa ya yi.

Japan ta yi wasa uku. Ostireliya ta zura mata uku a mintocin ƙarshe bayan tana kan gaba, ta yi canjaras da Kuroshiya, Brazil ta ci ta 4-1. Cikin 'yan wasa 23 da aka tafi da su, in ka cire gololi biyu na benci, mutum ɗaya ne rak bai taka fili ko na minti ɗaya ba. Endo ne. Shekararsa 26, shekarun da ɗan ƙwallo ke kan ganiyarsa. Ya dawo gida, kafin shekarar ta fita ciwon hanta ya kwantar da shi. A 2008 aka so a tafi da shi Olamfik ta Bejin cikin manyan da ake ƙara wa matasa, wata rashin lafiyar ta sake hana shi.

A nan ne nake ganin girman mutumin, fiye da duk kofunan da ya ɗaga daga baya. Mun san yadda irin wannan labari kan ƙare. Yaro mai baiwa ya sha benci sau biyu sau uku, zuciya ta ɗebe shi, ya ce koci ba ya sonsa, ya fara fashin atisaye, ko ya canza salon wasansa don ya burge mai zaɓe, ya rasa nasa bai kuma sami na wani ba. Endo bai canza ba. Ya ci gaba da buga irin ƙwallon da ya iya, a ƙungiyar da yake, har aka sami kocin da ya fahimce ta. Ivica Osim, ɗan Bosniya, da ya gaji Zico, shi ya fara gina tsakiyar Japan da shi. Takeshi Okada da ya biyo baya ya ɗora.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. A 2008 Gamba ta ci kofin zakarun Asiya, ta doke Adelaide United gida da waje, jimilla 5-0, aka zaɓi Endo gwarzon gasar. Magoya bayan Manchester United na gidajen kallonmu za su iya tuna wani wasa da aka yi kafin azahar a agogonmu, ranar 18 ga Disamba 2008, a gasar ƙungiyoyin duniya a Yokohama, wanda aka tashi 5-3. Ronaldo ya ci, Rooney ya ci biyu. Mai lamba 7 na ɗaya ɓangaren, wanda ya ci Edwin van der Sar a fenareti, shi ne yaron Bauchi. A 2009 aka ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Asiya, alhali bai taɓa buga wa wata ƙungiya a wajen ƙasarsa ba.

Sai Afirka ta sake kiransa. A gasar duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, wasan Japan na farko da Kamaru ne, ƙasar da ta doke shi a Ƙofar Mata shekara 11 baya. Wannan karo Japan ta ci 1-0, nasararta ta farko a gasar duniya a ƙasar da ba tata ba. Ranar 24 ga Yuni, a Rustenburg, suna neman tsallakewa zagaye na biyu a gaban Denmak, Keisuke Honda ya ci bugun tazara daga nesa a minti na 17. A minti na 30 aka sake samun wani, kusa da da'ira. Honda da Endo suka tsaya kan ƙwallo. Hankalin 'yan Denmak duk yana kan ƙafar hagun Honda, sai Endo ya tako ya murɗa ta da dama, ta zagaye katanga ta faɗa kusurwa. Aka tashi 3-1. Faragwai ta cire su a fenareti a zagaye na gaba, shi dai ya ci nasa. Da aka fitar da ƙididdigar gasar, sai ga shi mutumin da ake cewa ba ya gudu ya fi kowa a tawagar Japan yawan tazarar da ya ci a fili. Cikin yaran da suka zo Kano a 1999, shi da Inamoto ne kaɗai suka je wannan gasa, kuma wannan karo Inamoto ne ke jira a benci.

Ya ƙara kofin Asiya a 2011. A watan Oktoban 2012, a wasa da Brazil, ya buga wa ƙasarsa wasa na 123, ya wuce Masami Ihara da ke riƙe da tarihin. A wannan shekarar kuma Gamba ta faɗa rukuni na biyu, duk da ta fi kowace ƙungiya cin ƙwallaye a kakar. Ga mutum mai shekara 32, gwarzon nahiya, ginshiƙin tawagar ƙasa, saura shekara ɗaya da rabi a je gasar duniya. Da ya ce zai tafi, ba mai ganin laifinsa. Ya zauna. Ya yi kakar 2013 yana zagaya ƙananan filaye, suka ci rukunin suka dawo. A 2014, lokacin da aka tafi hutun gasar duniya, Gamba tana ta 16 cikin 18, a rukunin 'yan dagaji. Kafin shekara ta ƙare ta kwashe kofuna uku na ƙasar gaba ɗaya, gasar lig da kofin lig da Kofin Sarki, aka kuma zaɓi Endo gwarzon kaka yana da shekara 34.

Wasansa na ƙarshe a tawagar ƙasa a Janairun 2015 ne. Ya tsaya a wasa 152 da ƙwallo 15, kuma har yau ba ɗan Japan da ya kamo shi. Ono da Inamoto, in ka haɗa wasanninsu duka biyu, ba su kai nasa ba. Sau 12 yana shiga jerin 'yan wasa 11 mafiya kyau na kaka. A watan Yulin 2020 ya buga wasa na 632 a babban rukuni, ya karɓe tarihin daga hannun gola Seigo Narazaki, wanda tare suke a Flügels ranar da aka rushe ta. Da gurbi ya fara yi masa wuya a Gamba, bai tsaya cin albarkacin suna ba. Ya tafi Júbilo Iwata a rukuni na biyu yana da shekara 40, ya taimaka aka ɗago ta, ta sake faɗuwa, ya sake taimakawa aka ɗago ta. A Janairun 2024, kwanaki kaɗan kafin ya cika 44, ya sanar da jingine takalma ta wani ɗan gajeren bidiyo, ba taron 'yan jarida. Wasa 672 ya bari a babban rukuni. Shi ne ɗan Flügels na ƙarshe da ya rage a fili, shekara 25 bayan mutuwar ƙungiyar.

A rana guda aka sanar da ritayarsa da sabon aikinsa: ya koma Gamba Osaka cikin masu taimaka wa koci, Dani Poyatos ɗan Sifaniya. Mutumin da aka zaɓa gwarzon shekara 30 na gasar Japan a 2023 bai fara daga kujerar babban koci ba, domin a tsarinsu suna ba ya isa. Sai ka bi matakan lasisi ɗaya bayan ɗaya, har ka sami na ƙoli, kafin a damƙa maka ƙungiya. Don haka ya fara daga inda kowa ke farawa, yana tsaye a filin atisaye da yaran da wasunsu ba a haife su ba lokacin da ya ci Fotugal. Gamba ta ƙare kakar 2023 a ta 16. A 2024, shekararsa ta farko a bakin layi, ta ƙare ta huɗu, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Sarki, inda Vissel Kobe ta ci ta 1-0. Ba zan ɗora masa wannan ci gaba shi kaɗai ba, aikin mutane da yawa ne. Abin lura shi ne ilimin shekara 26 bai bi shi gida ya kwanta ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne cikin 'yan 1999: Mitsuo Ogasawara ya koma koyar da yara a makarantar Kashima Antlers, Koji Nakata ya shiga cikin masu tafiyar da ita wannan ƙungiyar.

Mu ma muna da namu Endo, kuma sa'ansa ne. Rabi'u Ali, Pele na Kano Pillars, shi ma haifaffen 1980 ne, ɗan tsakiya, gwanin bugun tazara da fenareti, wanda ya yi rayuwar ƙwallonsa a gida. Yana cikin waɗanda suka ci wa Sai Masu Gida lig sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, da kofin Aiteo a 2019. Da Pillars ta faɗi a 2022 bai gudu ba, tare aka dawo da ita a 2023, ya kuma ci gaba da cin ƙwallaye bayan ya haura 40. Bambancin yana wajen abin da aka yi da su. Gasar ƙwararru ta Najeriya ta fara a 1990, ta girmi ta Japan da shekara uku. Amma a can kowane wasa na Endo a rubuce yake, da rana da fili da minti, shi ya sa aka san ranar da ya kafa tarihi aka kuma karrama shi a ranar. A nan, tambayi masoya Pillars biyu wasa nawa Rabi'u Ali ya buga a lig, da wuya su ba ka lissafi ɗaya. Tamu Jigawa Golden Stars kuwa, da ta hau babban rukuni a 2019, a wajen jihar ta riƙa karɓar baƙi har ta faɗi a 2021, yaran Dutse ba su sami ganin yayyensu suna taka leda da Enyimba ko Pillars a garinsu ba.

Ba duka ne ke buƙatar kuɗi mai yawa ba. Littafi da biro sun isa a fara rubuta wa ya buga, wa ya ci, a kowace gasar unguwa da ta ƙaramar hukuma, daga Dutse zuwa Jahun da Birnin Kudu. Masu tantance yara kuma su ƙara wa ɗan tsakiyar nan mai sanyin jiki wasa biyu ko uku kafin su sallame shi, su kalli inda yake tsayawa lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa. Ga hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da ma'aikatar wasanni, roƙona ya fi nauyi kaɗan. Akwai tsofaffin 'yan Golden Stars da na ƙananan ƙungiyoyi da suka shafe shekaru suna taka leda, yau suna kasuwa ko kan babur, da ilimin a kansu. A nemo su tun da sauran ƙarfinsu, a tura su kwas ɗin koci a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko na lasisin CAF, a biya musu kuɗin, in sun dawo a ba su yara.